Wai Su Wa 'Yan Agaji Ke Agazawa?

 Yau na jingine labarin soyayya gefe guda, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙorafi gare ni a kan 'yan agaji na ƙungiyoyin addini a wannan yanki namu, tun daga Funtua, Bakori, Ɗanja, Ƙafur har Malumfashi. Amma fa a fahimce ni tun da wuri, ba da yaran nake ba. Da masu riƙe da akalarsu nake.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna cikin 1962 zamanin Sardauna, Shehu Mudi Salga ya kafa Fityanul Islam a Kano cikin 1963, sannan Shehu Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos cikin 1978. Kowace daga cikinsu tana da rundunarta ta agaji da irin nata kakin. To wane ne ɗan agaji a garinmu? Manomi ne, ko tela, ko ɗan acaba, ko malamin firamare. Sau da yawa da kuɗinsa ya ɗinka kakin, ya sayi hula da bel da takalmi, ba albashi ba fansho. In mota ta kife a hanyar Funtua zuwa Yashe, yana cikin masu fara isa wurin. In aka kawo mara lafiya asibiti ba shi da kowa, shi ne mai jinya. Filin idi shi, sansanin alhazai shi, maƙabarta shi. Wallahi duk wanda ya raina waɗannan bayin Allah bai taɓa shiga tashin hankali ba.

Mu kuwa mun shiga. A watan Fabrairun 2023 ɓarayi suka kore shanu a yankin Kandarawa cikin ƙaramar hukumar Bakori, jama'a suka bi sawu, aka yi musu kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje. 'Yan sanda da bakinsu suka tabbatar da mutuwar mutum 41. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta a Unguwar Mantau ta Malumfashi suna sallar asuba. Kowane namiji da ya faɗi a irin waɗannan ranaku ya bar mace ko mata, ya bar 'ya'ya, ya bar gona, wani ya bar bashi. Bayan an yi jana'iza, an yi sadakar uku, manyan baƙi sun shiga motocinsu sun koma Katsina, wa ke sake leƙa gidan?

Nan ƙorafina ya faro. Ya kai mai karatu, ka tsaya ka tuna inda ka fi ganin 'yan agaji da yawa cikin shekarar nan. Na san amsarka. Wurin wa'azin ƙasa ne, ko wurin maulidi, ko ranar fareti. A can za ka gan su ɗaruruwa sun jeru, an ja igiya, wasu sun kewaye motar malam suna gudu, wasu suna ture talakawa don a buɗe wa ɗan siyasa hanya ya je ya zauna kan kujerar gaba. A tara kuɗi a yi shatar motoci, a kwashi samari majiya ƙarfi a kai su wata jiha su kwana biyu a tsaye. Su dawo a gajiye, gonarsu ta yi ciyawa. Ni ban ce kada a tsare taro ba, taro ba tsari ai turmutsutsu ne. Tambayata ita ce, a cikin kwana 365 na ɗan agaji, nawa ne na malam da baƙinsa, nawa ne na marayan unguwarsa? An mai da su dogarai, alhali sunan da aka raɗa musu agaji ne.

Kuma ko agajin da ake yi, kusan duk na bayan ɓarna ne. A ɗauki gawa, a raba atamfa da shinkafa da azumi, a ɗauki hoto. Madalla, Allah ya ba da lada. Amma zaluncin da ke ƙara yawan masu miƙa hannu fa, wa ya taɓa aika 'yan agaji a kansa?

Ɗauki falle. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san shi, wasu su ce ba-da-kaka. Cikin watan Yuli da Agusta rumbu ya ƙare, masara tana neman taki na biyu, yaro yana kwance da zazzaɓi. Manomi ya je wurin mai hali ya karɓi kuɗi a kan zai biya da buhu in kaka ta yi, kuma mai kuɗin ne ke yanka farashi yadda ya ga dama. Kaka ta zo, a kwashe buhunan tun daga masussuka, mai kuɗi ya kulle su a sito har farashi ya tashi da bazara, wataƙila ma ya sake sayar wa mutumin da ya noma su. Na san malamai za su ce ai akwai cinikin salam a fiƙihu, kuma halas ne in an cika sharuɗɗa. Na ji. To halascin ciniki ya ba da damar a tatse mayunwaci? Wannan abu ba sabo ba ne. Wani Bature mai suna Paul Clough ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 yana nazarin yadda manoma ke bashi da fatauci, har ya fitar da littafi a 2014. Baƙo ya zo daga nesa ya zauna ya rubuta, mu kuwa 'yan gida da wuya ka ji an ware hudubar Juma'a guda a kai.

Sai zakkar amfanin gona. Hukuncinta a fili yake, yaron Islamiyya ma ya sani: in abin da aka girbe ya kai wusiƙi 5, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in ban-ruwa aka yi da wahala. Allah da kansa ya lissafa mutum iri 8 da za a ba a Suratut Tauba, kuma har da masu aikin tattara ta a ciki. Yankin nan namu rumbun masara da dawa da waken suya ne. Da kaka tireloli ke fita daga kasuwanninmu. Ina ushirin? Wani ya ba malaminsa, wani ya ba surukinsa mai mota, wani ya yi shiru. Ga samari amintattu waɗanda suka san kowane gida da kowace gona a garinsu, amma ba a ba su littafi da biro su rubuta sunayen mabuƙata ba, sanda aka ba su.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gado. Wani zai ce me ya kai marubucin littafin soyayya wannan magana? Mafi yawan masu karanta mu mata ne, kuma in sun kira mu ba maganar saurayi kaɗai suke yi ba. Wata baiwar Allah ta shaida mini cewa tun kafin ta fita takaba ƙannen mijinta suka shuka gonarsa, da ta yi magana aka ce mace ba ta gadon gona. A wane littafi? Matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, 'ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, kuma ba inda aka cire gona daga ciki. Tun shekarar 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Katsina zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, kotuna suna nan. Amma macen ƙauye da ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ba kuɗin mota, dangin miji sun zare mata ido, me take buƙata? Mutum biyu masu mutunci da za su raka ta, su zauna a bayanta. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane haka tun ƙarni na 19, ta kafa 'Yan Taru, jajinta na bin ƙauyuka har cikin ɗakunan mata. FOMWAN da aka kafa a Minna cikin 1985 ta ɗauki wani abu na wannan hanya. Mu da muke da runduna guda fa?

Za a ce mini ai agaji ba kotu ba ne, kuma ga Hisba da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa a 2023. Gaskiya ne. Sai dai Hisba hukumar gwamnati ce, gwamnati ke naɗa shugabanta. Ƙarfin ɗan agaji kuwa shi ne ba wanda ke biyansa, don haka bai kamata a ce akwai wanda zai ji tsoro ba. Ni dai a ganina dalilin shirun ba rashin hurumi ba ne. Mai ba da fallen nan, mai danne zakkar nan, sau da yawa shi ne ya sayo lasifikar masallaci, shi ya shimfiɗa kafet, shi ne uban ƙungiya da ake kiran sunansa ana kabbara ranar taro. In bakin malam ya ci, idonsa ya ji kunya. Shi ke nan sai a koma wa'azin tufafin 'yan mata da askin samari, don su ba su da wanda zai janye tallafi.

Ga kuma bambancin aƙida da ya raba ƙarfin. Gari ɗaya, runduna uku ko huɗu, wannan ba ya zama da wancan. Ɗan bindiga kuwa ba ya tambayar wane masallaci kake salla kafin ya harbe ka. Maƙwabtanmu Hausawa Kiristoci na ƙasar Ƙafur da Malumfashi su ma suna da Zumuntar Mata masu zagaya marasa lafiya da gwauraye, kuma ɓarawon da ya kore musu shanu shi ne ya kore namu.

Don kada a ce na yi suka ban kawo mafita ba, ga abin da nake nema a wurinku malamai da shugabannin rassa, Allah ya ƙara muku lafiya. Izala tana tara fatun layya duk Babbar Salla tana bayyana jimilla, wannan abin yabo ne, to kowane reshe na kowace ƙungiya ya riƙa karanta nasa lissafin a gaban jama'ar garinsa bayan sallar Juma'a. A rage mota ɗaya cikin masu zuwa wa'azi, kuɗinta ya zama kuɗin raka mata kotu. Sannan da kaka a gina rumbu guda a kowace gunduma, mabuɗi uku a hannun mutum uku daga ƙungiyoyi daban-daban, a zuba sadakar hatsi a ciki. In Agusta ta zo, manomin da ya matsu ya ranci buhu ya biya buhu, ba ƙarin ko tiya ɗaya.