Taɓin hankalin da garkuwar jiki ke haddasawa: Me ya shafi Gwandu da Kalgo?

A gidaje da dama a Gwandu da Kalgo, idan matashi ya fara sambatu ko jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, malamin ruƙiyya ake fara nema. Asibiti sai abin ya gagara. Sai dai binciken likitoci ya nuna cewa wani ɗan kaso na masu irin wannan larura, garkuwar jikinsu ce ta juya tana yaƙar ƙwaƙwalwarsu.

A 2007 ne Farfesa Josep Dalmau da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana cutar kumburin ƙwaƙwalwa da ake kira anti-NMDA. Takan fara kamar taɓin hankali, daga baya farfaɗiya ta biyo, wani lokaci har numfashi ya gagara. Idan aka gano ta aka ba da magungunan da ke lafar da garkuwar jiki, kusan mutum takwas cikin goma kan samu sauƙi sosai.

A Ingila, tawagar Farfesa Belinda Lennox ta Jami'ar Oxford ta gwada jinin mutum 228 da suka kamu da taɓin hankali a karon farko, ta samu sinadarin garkuwar da ke afka wa NMDA a jinin kashi 3 cikin 100. Kason kaɗan ne, don haka wanda ke shan maganin taɓin hankali kada ya ajiye shi saboda wannan labari. Shi ya sa ma aka shirya gwajin SINAPPS2, don a ga ko magungunan IVIG da rituximab za su amfani waɗannan 'yan kaɗan.

Irin wannan bincike a wuyan mataimakan masu bincike yake rataye. Su ne ke zama da dangi su yi bayani har a amince, su rubuta ranar da ciwon ya soma, su adana jini cikin sanyi, su riƙa bibiyar majinyaci tsawon watanni. Aiki ne da ɗalibin da ya karanci kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke Kalgo, zai iya koya.

Kuma ba daga tushe za a fara ba. Tantance cutar na buƙatar ɗibar ruwan ƙashin baya, irin wanda ake ɗiba don gano sanƙarau, annobar da ta addabi Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025. Inda gizo ke saƙar shi ne gwajin sinadarin kansa, mai tsada, wanda sai manyan ɗakunan gwaji, ga ƙarancin ƙwararru: likitocin taɓin hankali a duk Najeriya ba su kai 300 ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare haƙƙin majinyata, amma doka ba ta kawo likita ƙauye.

Abin da ma'aikacin lafiya a Gwandu zai iya yi yau shi ne lura da alamomi: ciwon da ya taso cikin 'yan kwanaki ko makonni, tare da zazzaɓi, farfaɗiya, ɗaukewar magana, mantuwa, ko motsin baki da fuska ba da son mutum ba. Mai irin wannan, a garzaya da shi asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, ɗauke da takardar da ta nuna ranar da kowace alama ta fara.