Wanda ya tsallake atisaye bai koyi C ba

Ƴan'uwa ɗalibai, ku bar ruɗin kanku. Mutum ya karance littafin harshen C na Kernighan da Ritchie, wanda ya fito a 1978, ya tsallake duk atisayen da ke ciki, sannan ya bugi ƙirji wai ya iya. Ƙarya ce! Atisayen farko ma cewa ya yi ka cire wani yanki na shirin da gangan, ka ga kukan da kwamfuta za ta yi. Wanda bai taɓa kwana yana neman waƙafi mai ruwa guda da ya ɓace masa ba, ranar aiki zai sha kunya. Ba ka da kwamfuta? Rubuta bisa takarda, ka bi layi-layi da alƙalami. Gani ba ci ba ne.