Kada A Rufe Wa Yara Ido

A cikin shekarar 2023 wata gardama ta tashi a jihar Florida ta ƙasar Amurka. Wata makarantar firamare ta nuna wa yara majigin Ruby Bridges, sai aka kai ƙara daga wajen iyaye, wai majigin zai koya wa yara cewa Turawa suna ƙin baƙar fata. Aka dakatar da nuna shi, sai da wani kwamiti ya zauna ya duba, sa'an nan ya ce a ci gaba. Kwamitin nan ya yi daidai, ga kuwa dalili.

Ita Ruby Bridges yarinya ce baƙar fata, an haife ta a 1954, watau shekarar da babbar kotun Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Ran 14 ga Nuwamba 1960, tana da shekara 6, ta shiga makarantar William Frantz a birnin New Orleans, inda dā sai 'ya'yan Turawa. Ma'aikatan tsaro huɗu na gwamnatin tarayya suka raka ta, taro yana ta zaginta. Wata mace ta yi barazanar sa mata guba, don haka ba ta cin kome sai abincin gida. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu, ubanta kuma aka kore shi daga aiki. Wannan labari ne kamfanin Disney ya mayar majigi a 1998.

To, abin da 'yar shekara 6 ta ɗauka da ranta, ya yi wa ɗan shekara 8 nauyi ya kalla yana zaune a inuwa? Ba ita kaɗai ba ce kuma. A watan Mayu 1963 'yan makaranta suka fito zanga-zanga a Birmingham ta jihar Alabama, aka sakar musu karnuka da ruwan kashe gobara, aka kulle ɗaruruwa. Ran 15 ga Satumba na shekarar aka dasa bom a wata majami'a ta garin, 'yan mata huɗu suka mutu. Wahalar yaran nan tana cikin abin da ya jawo dokar 1964 wadda ta hana wariya. Tarihin da yara suka sha wuya a cikinsa, ina dalilin ɓoye wa yara shi?

Masu cewa majigin zai shuka ƙiyayya kuwa ba su kalle shi da kyau ba. A cikinsa akwai Barbara Henry, Baturiya daga Boston, wadda ta zauna da Ruby ita kaɗai a aji shekara guda tana koya mata karatu. Ashe yaron da ya ga masu zagi, ya ga malamar nan ma. Darasin da zai ɗauka shi ne, mugunta da kirki hali ne, ba launi ba. Wanda aka ɓoye masa kuwa, wata rana zai ji labarin a bakin wanda ba shi da amana, ba babba kusa da zai warware masa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Amma fa ba a ce kowane majigi ya dace da kowane yaro ba. Akwai Till na 2022, labarin Emmett Till, ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955. Akwai Selma na 2014, mai nuna dukan da 'yan sanda suka yi wa masu neman haƙƙin jefa ƙuri'a a 1965. Waɗannan sai yaro ya tasa. Ba a ɗora wa ɗan maraƙi kayan takarkari.

Saboda haka aikin uba da uwa da malami uku ne. Su fara kallo su kaɗai, su auna. Su zauna tare da yaron sa'ad da ake nunawa. Bayan an gama su saurari tambayoyinsa, su amsa masa da gaskiya. Wannan ya fi hani wuya, shi ya sa malalaci yake zaɓen hani. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya san kamannin zalunci tun yana ƙarami, shi zai gane shi in ya girma.