Raddi Ga Mai Cewa A Auna Atisayen Gudun Fanfalaki Da Mil

Wani mai horar da 'yan gudu, dattijo da nake ganin girmansa, ya yi rubutu yana kira ga matasa masu shirin gudun fanfalaki da su riƙa auna atisayensu da mil, su bar kilomita. Ya kawo hujjoji biyar. Ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa, amma shawara ce da yara za su ɗauka su zuba guminsu a kai, don haka ya wajaba a bi hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya a ga wacce za ta tsaya da ƙafarta.

Da farko ya ce gudun fanfalaki da mil aka haife shi, tunda tsawonsa mil 26 ne da yadi 385. Malam, tarihi bai goyi bayanka ba. Tseren farko da aka yi a gasar Olamfik ta birnin Atina a 1896 kimanin kilomita 40 ne, kuma wani masani Bafaranshe, Michel Bréal, shi ya kawo shawarar a yi shi. Wancan mil 26 da yadi 385 a Landan ya samo asali a 1908, sa'ad da aka shata hanya daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City. Bayan nan ma ba a tsaya a kansa ba: a Stockholm a 1912 an yi kilomita 40.2, a Antwerp a 1920 an yi 42.75. Sai a 1921 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da kilomita 42.195, wato wancan mil 26 da yadi 385. Ashe tazarar ba ta cika cif ba, ko da wane ma'auni aka auna ta. Wanda ya ƙidaya mil 26 ya ɗauka ya gama, akwai sauran mita 352 a gabansa, wato gudun kusan minti biyu ga mai neman kammalawa cikin awa huɗu.

Hujja ta biyu ita ce ta fi nauyi, shi ya sa zan daɗe a kanta. Ya ce manyan littattafan horo da mil aka rubuta su. Gaskiya ne da yawa daga Amurka da Ingila suka fito, kuma Arthur Lydiard na New Zealand ya yi suna da tsarin mil 100 a mako. Haka nan dogon gudun mil 20 da ake yi kafin tsere ya zama kamar farilla a wajen Amurkawa. To amma a tambaya: me ya sa 100, me ya sa 20? Saboda lambobi ne masu daɗin faɗa. A ƙasashen Turai masu aiki da kilomita, dogon gudun da aka saba ambata kilomita 30 ne, alhali mil 20 kilomita 32 ne da 'yan mitoci. Zuciya da huhu da cinya ba su san mil ba, ba su san kilomita ba. Abin da suka sani shi ne tsawon lokacin da aka sa su aiki da kuma tsananinsa. Gwanin da ke cin kilomita ɗaya cikin minti uku da rabi zai gama kilomita 32 cikin awa ɗaya da minti 52. Sabon shiga mai minti bakwai sai ya shafe awa uku da minti 44 yana dukan kwalta. Tazara ɗaya, wahala daban. Duk wanda ya kwafi lambar littafi bai duba wannan ba, gwiwarsa da ƙwaurinsa ne za su biya.

Akwai kuma haɗarin ruɗewa. Yaro ya samu jadawali an rubuta 40 a mako, ba a faɗi ma'auni ba. In mil ake nufi, kilomita 64 ke nan. Ko a ce masa ya riƙe minti shida: minti shida a kilomita yana kai mutum ƙarshen fanfalaki cikin awa huɗu da minti 13, minti shida a mil kuwa awa biyu da minti 37 ne. Na farko gudun mai matsakaicin ƙarfi ne, na biyu sai wanda ya yi shekaru yana horo. Maganin abin mai sauƙi ne. A ɗauki ilmin littafin, a zauna a gida da biro da takarda, a juya lambobinsa zuwa kilomita sau ɗaya, a rufe shi. 'Yan Kenya da Habasha, waɗanda suka mamaye wannan fage, da kilomita suke lissafin atisayensu.

Na uku, ya ce ƙidaya 26 ta fi ƙidaya 42 sauƙi ga zuciya, mai gudu ba zai karaya ba. Ni akasin haka nake gani. Babban abin da ke kayar da sabon ɗan tsere shi ne ɗoki a farkon hanya. Ana busa usur jama'a suka ɗiba, shi ma ya bi su, ƙafa ba nauyi, numfashi lafiya lau. Ya yi niyyar minti biyar da daƙiƙa 41 a kowace kilomita don ya gama cikin awa huɗu, amma da ya iso allon farko ya duba agogo sai ya ga biyar da goma. Nan take ya ja birki. Mai jiran allon mil sai ya wuce minti takwas kafin ya gane ya yi gaggawa. Alama 42 a hanya dama ce 42 ta gyara kuskure.

Ga kuma sauƙin lissafi, wanda Malam bai taɓo ba ko kaɗan. Kilomita mita 1,000 ce, mil kuwa yadi 1,760 ne, ko ƙafa 5,280. Lokacin da Eliud Kipchoge ya yi fanfalaki cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana ranar 12 ga Oktoba 2019, gudun da ba a lissafa shi cikin tarihin hukuma ba saboda yadda aka tsara shi, an ɗora shi ne a kan minti biyu da daƙiƙa 50 a kilomita. Daƙiƙa 170 ke nan, wato 17 a kowace mita 100, wato 68 a zagayen fili ɗaya. Ɗan firamare zai yi wannan lissafi da ka. Haka mai minti biyar a kilomita ya san zagaye ɗaya minti biyu ne, kilomita goma minti 50. Zagayen fili na zamani mita 400 ne, kuma zagaye huɗu bai cika mil ba, saura mita tara da 'yan kai, domin mil mita 1,609.344 ne. Mai atisaye da mil a irin wannan fili kullum yana saye da mudu ɗaya yana sayarwa da wani.

Na huɗu, ya ce mil muka gada, ga unguwar Mil Tara a Kano shaida. Gado ne na Turawan Ingila, kuma Najeriya ta koma ma'aunin mita tun shekarun 1970. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da kilomita suka tashi. Tseren Okpekpe na Jihar Edo kilomita 10 ne, fanfalakin Legas da aka fara a 2016 kilomita 42 ake kiransa, kuma dokar hukumar duniya ta ce a nuna wa masu tsere nisan hanya da kilomita, a ajiye abin sha kusan kowace kilomita biyar.

Hujja ta ƙarshe ita ce darajar tseren mil ɗaya. A nan ba ni da ja. Roger Bannister ya sauko da shi ƙasa da minti huɗu a Oxford ranar 6 ga Mayu 1954, Hicham El Guerrouj na Maroko ya yi minti uku da daƙiƙa 43.13 a Rum a 1999, Faith Kipyegon ta yi huɗu da 7.64 a Monako a 2023. Amma wannan tsere ne guda, kuma shi kaɗai hukumar duniya ta bari sa'ad da ta daina karɓar tarihin tazarar yadi da mil a 1976. Darajarsa ba ta mai da shi ma'aunin atisayen fanfalaki ba.

Wuri ɗaya na yarda a koyi mil: wanda zai je tsere Boston ko New York, inda allunan mil suka fi yawa a hanya, ya haddace saurinsa da mil kafin ya tafi. In ba haka ba, Malam, ina roƙonka ka sake rubuta wa yaranka jadawalinsu da kilomita, domin da ita za a auna su ranar tsere.