Gyaran Tsohuwar Mota: Kada A Manta Da Cikin Ƙofa

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Abin farin ciki ne ganin yadda wasu matasa ke jawo tsofaffin motocin iyayensu daga gindin bishiya suna farfaɗo da su, musamman Peugeot 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo. An fito da wannan mota a Faransa a 1968, ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1969, sa'an nan masana'antar da aka buɗe a Kakuri ta Kaduna a 1975 ta yi ta harhaɗa ta har zuwa 2006. Mota ce da ta kai amare, ta kai alhazai filin jirgi, ta kai marasa lafiya asibiti. Ta cancanci a girmama ta.

To amma akwai abin dubawa. Sau da yawa mai mota zai kashe kuɗinsa kan inji da fenti, ya bar ƙofofi yadda ya same su. Sai ka ga mota tana walƙiya, amma an tokare gilashi da guntun katako, ƙofar baya kuma ba ta buɗuwa sai daga waje. Wannan shi ne kyawun ɗan maciji. Duk wanda ya yi tafiya a motocin haya na da zai tuna yadda direba kan ajiye hannun murɗa gilashi guda ɗaya tak a gabansa, fasinjoji su riƙa miƙa wa juna. Lalacewar cikin ƙofa ce ta haifi wannan al'ada.

Mene ne ke kashe ƙofa? Ruwa da ƙura. Ba a ƙera ƙofar mota don ta hana ruwa shiga ɗungum ba. Ruwan sama yakan bi jikin gilashi ya gangara ciki, ya fita ta ƙananan huji da aka yi a gindin ƙofar. Idan ƙurar hunturu ta taru ta toshe waɗannan huji, sai ruwa ya kwanta, tsatsa ta fara ci daga ciki. Ita kuma ƙurar, in ta gauraya da tsohon giris, sai ta daskare kamar katsi, haƙoran na'ura su riƙa cin juna.

Saboda haka aikin yana bukatar natsuwa. A fara cire hannun murɗa gilashi da madogarar hannu. Sa'an nan a ɓamɓare kwalin ƙofa sannu a hankali, a riƙa sa sukudireba mai faɗi dab da kowane maɓalli, domin tsohon kwali ba ya jure fizga. Bayan kwalin akwai leda da aka manne a jikin ƙarfe. Makanikai da yawa kan yage ta su yar, alhali ita ce ke hana danshi ruɓar da kwalin. In ta yage, a yanka sabuwa a manna. A ɗauki hoton komai da waya kafin a kwance, a kuma ware notunan kowace ƙofa a gwangwaninta.

Na'urar ɗaga gilashi a motocin wancan zamani iri biyu ce: mai haƙora da hannun ƙarfe, da mai waya. A wanke ta da kananzir, a duba haƙoran. In sun cinye, gilashi zai riƙa zamewa ko tsalle, kuma walda ba ta cika daɗewa a wurin ba. Canji ya fi. Mai haƙora tana da naɗaɗɗen sifirin da ke taimakon ɗaga nauyin gilashi, a yi hattara da yatsu wajen kwance ta. Bayan wanki a shafa sabon giris kaɗan. A duba ƙarfen da gindin gilashi ke zaune ciki, domin nan tsatsa ta fi ɓuya. Robar da gilashi ke bi ta cikinta kuwa, in ta bushe a canja ta, don sau da yawa ita ce ke sa murɗawa ta yi tauri har hannu ya karye.

Game da gilashin kansa, a sani cewa na ƙofa gasasshe ne. Ba a yanka shi, ba a huda shi. In an gwada sai ya tarwatse kamar tsakuwa. Kada kuma a yarda mai yankan gilashin gida ya yanko na taga a sa wa mota. Ranar haɗari irin wannan yakan fashe ya zama wuƙaƙe. Araha ba ta ado.

Abu mafi muhimmanci shi ne makulli. Ƙofa mai lafiya tana kamawa sau biyu: kamun farko, da na biyu wanda ke rufe ta gam. In ɗaya ya mutu, ƙofa na iya wangalewa a kan kwana da yaro a jingine. In kuwa sandunan da ke haɗa hannu da makulli sun kwance, mutum zai rasa hanyar fita sa'ad da wuta ta tashi. A gyara sakin da ƙofa ta yi tukuna, kafin a daidaita ƙarfen da makulli ke kamawa a jikin mota, in ba haka ba a yi gyaran gangar Abzinawa.

Masu neman kayan gyara su leƙa Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Ikko, su tafi da tsohon a hannu don gwadawa, domin na dama daban, na hagu daban. Shawararmu ta ƙarshe ita ce a nemi dattawan makanikai da suka ƙware a kan Fijo, a kai musu aikin, a kuma tura yara su tsaya kusa su koya. Dattawan nan suna ƙarewa, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.