Encilada ta kaza: Girkin dare mai sauƙi daga ƙasar Meziko



Tsakiyar mako ce ke gwada kowane gida. Mai zuwa aiki ta dawo bayan ta sha cunkoson motoci, mai sana'a a gida ta wuni a tsaye, yara sun dawo daga Islamiyya da yunwa, ga magariba ta kawo kai. A irin wannan lokaci ne ake jefa taliyar nan mai saurin dahuwa a tukunya, ko a aika yaro ya sayo abincin waje. Yau da gobe sai abin ya zama jiki, kuɗin cefane na zurarewa, gishiri da maiƙo kuma na taruwa a jikin manya da yara. Shi ya sa yau muka kawo miki girkin da rabin kaza ke ciyar da mutum shida, wanda kuma ba ya wuce minti 45 idan kin tanadi kayansa tun da wuri.

Sunan abincin encilada, kuma asalinsa ƙasar Meziko ce. Kalmar ta fito daga Sifaniyanci, ma'anarta abin da aka sa wa barkono. Mutanen can suna da wani siririn burodin masara mai faɗi da suke kira tortiya. Shi suke tsomawa a miyar barkono, su naɗe nama ko wake a ciki. Girkin ya daɗe, don har a littafin girkin da aka buga a Meziko a shekarar 1831 an ambace shi. Da ya ƙetara zuwa jihohin Amurka masu iyaka da Meziko, irin su Teksas, sai masu girki suka sauƙaƙa wa kansu. Maimakon naɗe kowane burodi ɗaya bayan ɗaya, sai su jera shi hawa-hawa a faranti mai zurfi tare da kaza da miya da cuku, su gasa gaba ɗaya. Wannan samfurin ne za mu yi yau.

Kada baƙon suna ya tsorata ki. Masara da tumatir da barkono da muke ci kullum, duk daga nahiyar Amurka suka bazu zuwa sauran duniya, masarar ma a kudancin Meziko aka fara noma ta. Saboda haka yawancin kayan haɗin suna kicin ɗinki.

Kayan haɗi

Rabin kaza dafaffiya
Wake dafaffe, kofi 2
Masara ɗanya da aka ɓare aka dafa, ko ta gwangwani, kofi 1
Burodin shawarma 4 ko tortiya 8
Tumatir 5, tattasai 4, attarugu 1 ko 2
Albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 3
Man gyaɗa, cokali 3
Garin kumin, ƙaramin cokali 1
Romon kazar, kofi 1
Cuku mai narkewa, giram 150
Dunƙule 1

Game da kumin, ana samun sa a manyan kantuna da wajen masu sayar da kayan ƙamshi na Indiya da na Larabawa, kuma daban yake da habbatus sauda. Shi ke ba abincin ƙamshinsa na asali, amma idan babu, ki sa ɗan kori da citta. Cuku kuwa ki nemi mozarela ko ceda. Cukun Fulani da wara ba sa narkewa a wuta, amma idan su ne a hannu ki murmushe su ki zuba a tsakiya, za su ƙara wa abincin auki. A Meziko baƙin wake da wani mai ɗige-ɗige aka fi amfani da su, amma farin wakenmu ko ja yana yi sarai, muddin bai dahu ya dame ba.

Yadda za ki haɗa

Da farko ki cire naman kazar daga ƙashi, ki yayyaga shi siri-siri kamar za ki yi dambu, ki ajiye gefe. Ki markaɗa tumatir da tattasai da attarugu da albasa ɗaya da tafarnuwa. Ki ɗora tukunya, ki zuba man gyaɗa, ki yanka ɗayar albasar ki soya ta har ta yi laushi. Sai ki zuba kumin ki juya sau biyu ko uku, ki kawo markaɗen ki juye. Ki bar shi ya soyu kamar minti 10 har tsamin tumatir ya fita, sannan ki zuba romo da dunƙule, ki bar shi ya tafasa.

A nan ki kula, wannan miyar ba kamar ta shinkafa ba ce da ake so ta ƙafe har mai ya taso. Ana so ta yi ruwa-ruwa kamar kunu mai ɗan kauri, domin burodin zai sha ta a wajen gashi. Idan ta yi kauri da yawa abincin zai fito a bushe.

Ki ɗebi kashi ɗaya cikin uku na miyar ki ajiye a kwano. A cikin sauran ki zuba kaza da wake da masara ki gauraya. Sai ki ɗauko farantin gashi mai zurfi, ki shafa ɗan miya a ƙasansa, ki shimfiɗa burodi. Idan bai zauna daidai ba ki yayyanka shi, ba sai ya yi kyau ba tunda miya za ta rufe shi. Ki zuba rabin haɗin kazar, ki barbaɗa cuku kaɗan da kika goga, ki sake shimfiɗa burodi, ki zuba sauran haɗin. Ki rufe da burodi na ƙarshe, ki juye miyar da kika ajiye a kai har ta taɓa kowane gefe, sannan ki barbaɗa sauran cukun.

Ki sa a obin mai zafin digiri 180 na minti 20 zuwa 25, har ki ga gefen yana tafasa, cukun ya narke ya fara yin ja. Idan kin fitar, ki yi haƙuri ya huta minti 10 kafin ki yanka, in ba haka ba zai wargaje a wajen zubawa.

Wadda ba ta da obin, ko aka ɗauke wuta, ba a bar ta a baya ba. Ki jera komai a kasko mai kauri mai murfi, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan na minti 15 zuwa 20. Ko kuma ki yi irin gashin kek na tukunya, ki zuba yashi a ƙasan babbar tukunya, idan ya yi zafi ki ɗora farantin a kai ki rufe.

Wajen ci, mutanen Meziko kan ɗora wani kirim mai tsami a kai. Kindirmo marar sukari zai maye gurbinsa, ya kuma rage wa yara zafin yaji. Ki yanka kabeji da kokwamba da fiya a gefe, ki matsa lemun tsami.

Dabarar tsakiyar mako

Sirrin saurin wannan girki yana ranar Asabar ko Lahadi. Idan kin dafa kaza, ki ware rabi tare da romonta. Idan kin dafa wake, ki ƙara gwangwani ɗaya a kan wanda kika saba. Miyar ma za ki iya soya ta tun ranar. Daren da za ki yi shi sai jerawa da gashi kawai, kuma jerawar aiki ne da yara 'yan shekara takwas zuwa sama za su iya taya ki. Maigida ma idan ya riga ki dawowa, kunna obin da sa faranti ba zai gagare shi ba.

Abin kula ga lafiya

Tunda da dafaffiyar kaza ake yi, ajiyarta ita ce abu mafi muhimmanci. Kada dafaffen nama ya wuce awa biyu a waje kafin ya shiga firij, a lokacin zafi kuwa da yanayi ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. A cikin firij kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa. Idan za ki wuce haka, ki sa shi a firiza ya daskare. Firij da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa huɗu ne idan ba a buɗe shi ba, don haka idan wutar unguwarku ba ta tsayawa, gara ki dafa kazar a ranar da za ki yi girkin. Kada ki dogara da shinshinawa, domin ƙwayoyin cutar da ke kawo amai da gudawa ba lallai su canza warin nama ba, kuma ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi su suka fi shan wahalarsu. Abin da ya rage kuma aka zo ɗumamawa, a tabbatar ya yi zafi har tsakiya yana tururi.

Sai batun gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Cuku da burodi da masarar gwangwani duk da gishirinsu suke zuwa, shi ya sa muka ce dunƙule ɗaya kawai. Ki ɗanɗana miyar kafin ki ƙara komai, ki kuma tsiyaye ruwan masarar gwangwani ki ɗauraye ta. Idan akwai mai hawan jini a gidan, ki rage cukun zuwa rabi, ki ƙara tattasai da albasa. Mai ciwon sukari kuma a ba shi yanka madaidaici, a cika masa sauran farantin da ganye.

Waken da ke ciki shi ne ya sa rabin kaza ke isa. Yana gina jiki, yana riƙe ciki, yana kuma taimaka wa yaran da ke fama da taurin bayan gida. Yaron da ke ture faten wake sau da yawa yakan cinye shi idan ya haɗu da kaza da narkakken cuku.

Ki gwada shi a wannan makon, ki fara da attarugu ɗaya saboda yara, manya su ƙara yaji a farantinsu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A ci lafiya.