'Yarki Ta Karanta Hausa Ko Tarihi: Za Ta Iya Aikin Hulɗa Da Jama'a?



Akwai tambayar da iyaye mata suke yawan yi mini idan an tashi daga Islamiyya. Yarinya ta gama digiri a Hausa, ko Larabci, ko Tarihi a Jami'ar Bayero, tana sha'awar aikin hulɗa da jama'a ko shirya taruka, amma dangi sun sa ta a gaba cewa karatunta na koyarwa ne kawai. Wata har mahaifinta ya fara cewa kuɗin makaranta sun tafi a banza.

Ni a ganina karatun ya dace da aikin ƙwarai. Ki tuna shekarar 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Sai a 2004 aka ci gaba. Likitoci sun san maganin ciki da waje, amma iyaye sun rufe ƙofa. Waɗanda suka buɗe ta su ne malamai da suka yi bayani da harshen addini, da marigayi Sarki Ado Bayero, da masu unguwanni, da matan da suka riƙa bin lungu-lungu suna sallama gida-gida. Macen da ta san cewa sai ta gaida tsohuwar gida ta tambayi lafiyar yara kafin ta faɗi abin da ya kawo ta, ita ake shimfiɗa wa tabarma. Wannan shi ne hulɗa da jama'a, kuma da taimakonsa aka kai 2020, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Haka shirya taro yake a cikin birni. Wadda ta karanta tarihin masarauta ta san matsayin Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Maituta, ba za ta zaunar da babba a bayan ƙarami ba. Mai Larabci kuwa ba za ta bari a buga katin walimar sauka da aya a karkace ba, abin da muke gani kullum, Allah ya yafe mana.

Sai dai digirin shi kaɗai bai isa ba. Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Nijeriya, wato NIPR, wadda aka kafa a 1963, ta sami dokar da ta ba ta ikon yi wa masu wannan sana'a rajista a 1990, don haka 'yarki ta nemi takardarsu. Ta kuma koyi kwamfuta da lissafin kuɗi, domin mai shirya biki da ba ta iya kasafi ba, daga aljihunta za ta cika kuɗin abinci.

Inda nake jan hankalinki shi ne irin taron. Dina ta dare, maza da mata a cakuɗe, ana tashi ƙarfe ɗaya, ba wurin 'yar mutunci ba ne ko nawa za a biya. Amma kamu da yinin biki na mata, da walima, da taron makarantu, da ofishin yaɗa labarai na asibiti ko ma'aikata, duk da rana ake yin su, kuma mata sun fi sakin jiki idan mace ce ke kula da su. Idan akwai manemi a hannu, a zauna da waliyyansa a yi maganar aikin nan da lokutansa tun kafin a sa rana.